Kwanon Waje Babu Gishiri

"Ke kinka haɗa ni da matan unguwa duka, ko ba ke ba?"

Asiya ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da kwashe tuwonta. Ta ce wa mijinta Malam Halliru ita ba ta haɗa shi da kowa ba, zumunci ta yi, kuma ba ta taɓa jin an hana mace shiga gidan maƙwabta ba. Shi kuwa yana tsaye bakin madafa, hularsa ta karkace, yana nuna ta da carbi.

Abin ya samo asali tun da damina, lokacin da jiri ya kwashe Malam a gona. 'Yarsu Fauziyya, wadda ke aikin jinya a Kebbe, ta zo ta kai shi asibiti a Tambuwal, aka ce jininsa ya hau ƙwarai. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce a rage masa gishiri da dunƙule. Fauziyya ta ja uwarta gefe ta faɗa mata gaskiya, cewa in aka yi wasa, wata rana gefen jikinsa zai iya shanyewa. Asiya ta ga yadda yayanta ya ƙare a kan tabarma, ana juya shi ana ba shi kunu a baki. Ba ta son ta sake gani, balle a ɗakinta.

Ta rage gishiri. Ta ƙara daddawa da citta da busasshen kifi don miya ta yi daɗin baki. Malam yana shan magani, ba ya ko ƙorafi, kwano kuma kullum ya dawo a suɗe. Amma duk zuwan da Fauziyya za ta yi da abin awonta, jini yana nan sama ya ƙi saukowa.

Ashe ciyayya ce. Kun san dai a Jabo magidanci ba ya cin tuwon dare shi kaɗai. Bayan magariba kowa ya fito da kwanon gidansa, a jera a kan tabarma ƙofar gidan maƙwabcinsu Arzika, a ci tare. Malam sai ya tura nasa can gaban Bube, wanda ba ya zaɓen abinci, shi kuma ya gyara zama kusa da kwanon gidan Arzika, inda matarsa Batula ke zuba gishiri kamar gadonsa ta ci. Batular ce ma da bakinta ta tona, wai tana yi wa Asiya jaje, ta ji an ce hannunta ya lalace har mijinta ya guje wa miyarta.

Asiya ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Washegari ta yafa mayafi ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta roƙa kaɗan ne: a ɗebi miyar kwanon waje kafin a kammala sa gishiri a tukunya, sauran kuwa kowa ta yi yadda ta saba. Ta ce wa Batula ai maƙwabciyarsu Mu'minatu tuni ta yarda. Ta je ta ce wa Mu'minatu ai Batula ce ma ta kawo shawarar. Hamdiyya matar Bube kuwa ba ta ba ta wahala ba, don ita ma nata mijin yana yawan kukan ciwon kai.

To, namiji ba ya kushe abincin gidan wani a gaban mai gidan. Haka suka yi makonni suna haɗiyar tuwo suna godiya ga Allah, kowa yana zaton harshensa ne ya mutu. Arzika har jiƙon saiwa ya sha a ɓoye. Sai jiya Bube ya gaji, ya cire hula ya zaro ƙullin gishiri ya barbaɗa a gefensa. Hannuwa suka miƙo ta kowane ɓangare, aka fashe da dariya. Da Malam ya miƙa nasa, Bube ya mayar da ƙullin cikin hula.

"Ban da kai, Malam. Hamdiyya ta ce in niy yi, in nemi inda zan sha hura."

Shi ya sa yau ake wannan tsiya a bakin madafa. Malam ya ce an mai da shi yaron goye, tsofaffi suna yi masa dariya, har mai shayi ya tambaye shi ko a sa masa sukari ko sai an aika gida an tambayo. Asiya ta cije leɓe don kada dariyar ta kuɓuce mata.

Ana cikin haka Fauziyya ta yi sallama, ta sauko daga babur da jakarta. Ta gaishe su, ta ce Baba ya zauna ya huce tukuna. Ya zauna yana gunaguni. Da ya ɗan lafa ta ɗaura masa abin awo a damtse. Asiya ta ajiye mara, ta goge hannu a zane. Fauziyya ta duba, ta sake awo, sannan ta yi murmushi.

"Baba, ya sauka. Rabon da in gan shi haka tun kafin damina."

Malam ya leƙa abin kamar zai kama shi da ƙarya. Ya ce na'urar ce ta gaji, ko kuwa addu'arsa ce ta ci. Asiya ta ce haka ne, Allah shi ƙara karɓa, ta rufe kwano ta miƙa masa.

"Akwai gishiri ciki?"

"Akwai daddawa, Malam."

Ya dubi uwa, ya dubi 'ya, ya ga babu mai cetonsa a cikinsu. Ya fizgi kwanon, ya ce tun da haka ne, gobe shi ma zai tona wa Hamdiyya inda Bube ke ɓoye nasa gishirin, kowa ya sha abin da ya sha. Ya sa takalmi ya fice, ya bugo ƙofar zaure har kaji suka watse.