Ranar da Zoɓon Sibdu Ya Koma Kore

Duk unguwarsu a garin Kaya an san zoɓon Sibdu Tapsoba. Ja ne wur, mai kauri, da citta da kanumfari. Saboda haka ranar sunan jikarta ta fari, 'yar ɗanta Salfo, ta bar wa sauran mata girki ta tsaya kan zoɓon da kanta. Uwar mai jego, Aja Lamusa, tana tafe daga Tenkodogo, kuma mace ce da ba a taɓa jin ta yaba abincin gidan wani ba. A bikin auren ma da aka kai mata soyayyiyar kaza, cewa ta yi kazar nan ta sha wahala a rayuwarta.

Da hantsi Sibdu ta tace zoɓon a babbar roba, ta shiga ɗaki ɗauko sukari. Tana shiga ta ce wa Talato, yayar mijinta, ta juye mata ruwan cittar da ke kwano. Talato ta manyanta, idonta ya yi rauni. An saya mata tabarau, amma ta ce yana mayar da ita kamar mujiya, don haka yana can ƙasan akwati. Kwano biyu ne a gindin murhu, ɗaya na ruwan citta, ɗaya na ruwan tokar da aka tace don dafa wake. Talato ta ɗauki na kusa da ita ta tuttule, ta juya da ludayi, ta koma kan yankan albasa.

Da Sibdu ta fito ta leƙa robar, sai ta nemi turmi ta zauna. Zoɓon ya koma kore mai duhu, kamar ruwan kududdufi. Mata suka taru a kai. Wata ta ce baki ne, an cika yabon zoɓon nan. Wata ta ce tsaka ce ta faɗa. Talato ta rantse ita dai citta ta zuba. Sibdu kuwa fuskar Aja Lamusa kawai take hangowa a ranta.

Ana cikin haka Malam Drabo ya yi sallama. Maƙwabcinsu ne, ya shekara talatin yana koyar da kimiyya a sakandare kafin ya yi ritaya, kuma ba ya makara wurin abinci. Shi ɗan ƙabilar Samo ne, ita Mosi, ƙabilu biyu masu wasa da juna, don haka tun da suka san juna ba su taɓa gaisawar arziki ba, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Ya leƙa robar, ya sansana, ya dubi kwanon da ke kife, sai dariya ta kama shi har ya dafa bishiyar mangwaro. Sibdu ta ɗaga muciya.

"Baiwata, ajiye muciyar nan ki kawo mini lemon tsami," in ji shi.

"Yunwa ce ta taɓa maka kai? A zuba wa bawan nan wake ya fita ya ba mu wuri."

Bai tafi ba. Ya sa aka kawo kofin gilashi, ya ɗebi koren ruwan, ya ɗaga shi saitin rana ya matsa lemon. Inda ɗigon ya sauka sai ja ya ɓullo, ya yi ta bazuwa kamar hayaƙi, kafin a ƙifta ido kofin ya koma ja wur. Can gefe tukunyar shinkafa na ta tafasa.

Sibdu ta warce kofin. Ta tambaye shi me ya mai da shi kore tun farko, ya nuna mata sauran ruwan tokar da ke gefen wake. Ta ɗiga kaɗan, kofin ya koma kore. Ta matsa lemon, ya dawo ja. Ta sake, ya sake. A karo na huɗu wata irin dariya ta taso mata daga ciki, ta zame daga kan turmin ta zauna a ƙasa, ɗankwali ya faɗi, hawaye na zuba. Shekara ashirin tana dafa abin nan ba ta san ɗan rahoto take dafawa ba.

Malam Drabo ya ce ai kuwa ɗan rahoto ne. Launin zoɓo in ya haɗu da tsami sai ya yi ja, in ya haɗu da abin da ke kashe tsami, kamar toka ko kanwa ko sabulu, sai ya juya. Talato ta ce to wa ya ajiye kwanuka biyu masu kama ɗaya, kuma ita ba za ta sa tabarau ba ko za a yanka ta.

Sibdu ta sa aka jiƙa tsamiya mai yawa aka juye a babbar robar, ta dawo ja. Daga nan ya kamata a koma aiki. Amma Sibdu ta riga ta tashi. Ta jera kofuna a kan benci, ta zuba zoɓo kaɗan-kaɗan, ta ce kowa ya kawo abin da yake zargi. Aka kawo sabulun wanki, ya yi toka-toka. Aka kawo nono mai tsami, ya yi ja mai haske. Wata ta kawo man goge haƙorin mijinta. Duk kofin da ya juya sai a yi shewa, a tafa. Wata ta ruga za ta ɗauko ruwan bilicin wanki, Malam Drabo ya tare ta ya ce wannan ba ya zuwa kusa da abin sha, kuma kofunan gwajin nan ba na kurɓa ba ne.

Talato ta kwance bakin zani ta fito da 'yar kanwar da take jiƙawa in ƙwannafi ya taso mata. Aka jefa, kofi ya yi kore shar. Ta kama cikinta ta tambaya ko hanjinta ma haka yake. Malam Drabo ya ce a'a, ciki yana da nasa tsamin da yake narka abinci, in ya hauro ƙirji shi ne ƙwannafi, kanwar tana kashe shi ne. Amma ya ce kanwa 'yar'uwar gishiri ce, kuma ita da ke fama da hawan jini gara ta je asibiti a ba ta wani abin. Talato ta ce tun da take ba ta taɓa jin Samo ya kawo labarin alheri ba. Tana cikin faɗa akuyar gidan ta zagayo ta bayanta ta lashe kanwar da ke hannunta. Mata suka zube don dariya. Aka tambayi Malam me akuya ke nema a kanwa, ya ce gishirin da ciyawa ba ta ba ta isasshe.

Sai Sibdu ta ce a gwada ruwa. Aka ɗebo na rijiyar gida, da na burtsatsen unguwa, da na saman da aka tara a randa, aka ɗiga wa kowanne zoɓo. Na sama ya yi ja-ja, na burtsatse ya karkata zuwa shuɗi. Malam Drabo ya ce ruwa yana lasar duwatsun da ya ratsa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ruwan wani wuri ke cin sabulu ba ya kumfa. Sibdu ta riƙe baki. Tun tana amarya take zargin masu sabulu da ha'inci.

A daidai nan Aja Lamusa ta shigo, da farin mayafi da carbi, mata uku na biye da ita. Ta tarar da surukarta a ƙasa ba ɗankwali, zani duk zoɓo, kofuna goma sha biyu a benci, akuya na lasar baki, ga ƙaurin shinkafa ya cika gida. Sibdu ta miƙe da niyyar yin gaisuwa yadda ta kamata, amma dariyar ba ta sake ta ba. Abin da ta iya kawai, ta miƙa wa baƙuwar koren kofi da ɓarin lemon.

"Aja, sannu da hanya. Matsa."

Aja Lamusa ta dube ta sama da ƙasa. Ta maƙala carbi a wuyan hannu, ta matsa. Jan ya bazu. Fuskarta ba ta motsa ba.

"Mayar da shi," in ji ta.

Aka ɗiga toka. Ta matsa lemon kuma. A karo na uku kafaɗunta suka fara rawa, sai ga wata siririyar dariya ta kuɓuce mata, irin ta yarinya. 'Yarta mai jego ta leƙo ta taga da jaririya a hannu, don ta ce rabonta da jin wannan sautin tun tana firamare. Aja ta tuɓe mayafi, ta ture Malam Drabo daga bakin benci, ta ce a kawo mata turaren da ke jakarta a gwada.

Shinkafa dai ta ƙone har ƙasa, baƙi wake suka ci. Zoɓon babbar roba kuwa Aja ta ce akwai ɗan gishiri-gishiri a cikinsa, sannan ta sha kofi uku. Da za ta tafi ta sa aka dafa mata sabo marar sukari aka cika kwalba, ta rungume ta a mota.

Bayan kwana huɗu wayar Sibdu ta yi ƙara tana cikin shara. Aja Lamusa ce, ko gaisuwa babu. Ta ce ta gama gwada ruwan rijiyoyi bakwai na layinsu, tata ta fi ta kowa ja, ta gidan liman kuwa abin ba ya faɗuwa a waya. Sannan ta ce zoɓonta ya ƙare, a ba direban motar Laraba wata kwalbar.