Ranar da Aka Ɗaga Hannu a Hindawiyya

Tun safe Rafi'u ke ɗaure noti ɗaya yana kwancewa. Mu'allim Bruno, tsohon Bajamushen da ke riƙe da gidan gyaran injin ruwa a bayan tashar jiragen ruwa ta Jidda, ya yi ta kallonsa ta saman tabarau har ya gaji, ya ƙwace sifanar.

"Jikinka ne kawai ya zo aiki yau," in ji shi da gurgun Larabcinsa. "Zauna. Mene ne?"

Rafi'u ya zauna kan gwangwanin mai ya zayyane masa. Su Hausawan da suka hauro daga Sudan suna da jam'iyya a unguwar Hindawiyya. Ita ke binne mamaci, ita ke tsaya wa mutum wurin kafili, Balaraben da ke ɗauke da nauyinsa, in iƙamarsa, wato takardar zama, ta ƙare. Duk shekara bayan aikin Hajji ana zaɓen shugaba: a rufe tulu da mayafi, kowa ya zura hannu, ya saki ƙwallon dabino in ya yarda, tsakuwa in bai yarda ba. Rigima kam ba a magana, shekara uku shugaba uku! To makon jiya aka yi kame, aka kwashe mutum goma sha ɗaya marasa takarda. Shugaban bana, Alhaji Abdulghaffar, ya ce akwai mai kai rahoto a cikinsu. Yau Alhamis bayan la'asar yana so a jingine zaɓe har ƙura ta lafa, a bar masa komai a hannu, a kuma kori Malam Usman tela.

Malam Usman kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsa da Rafi'u. Ba wanda ya taɓa ganinsa da ɗan sanda. Laifinsa baki: shi ya miƙe a taro ya tambayi dalilin da fasfon mutane ke kwana a akwatin Alhaji. In an kore shi ba mai tsaya masa, iƙamarsa saura wata guda, sai jirgin Port Sudan, ya bar 'ya'ya shida da ba su san ko'ina ba sai Jidda. Takardun Barakatu, matar Rafi'u, su ma suna cikin akwatin nan.

Bruno ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Mu ma mun yi zaɓe a garinmu," in ji shi. "Shekara talatin da biyar ke nan. Mun yi har ya ishe mu. Babu aiki, samari na fasa kan juna a titi, majalisa ba ta wata shida sai ta rushe. Sai aka ce a ba mutum ɗaya iko, na shekara huɗu kacal, ya gyara. Ka san me na ji?"

"Tsoro, Mu'allim?"

"Daɗi. Titi ya yi tsit, na samu aiki. Akwai wani mai buga jarida a ƙasan benenmu, surutu kamar me, aka zo aka tafi da shi. Na ce shi ya ja wa kansa. Zaɓe na gaba da na je, ga mutane da inifom a bakin ƙofa suna duba fuskar kowa. Shekara huɗun ta zama goma sha biyu. Da ta ƙare ko titin babu."

"To me zan yi?"

"Ni kake tambaya? Ni fa na yarda musu." Ya miƙa masa sifanar. "Yalla, tafi da wuri."

A hanya Rafi'u ya yanke shawara. Tsakuwa zai jefa. Wa zai sani? Har ya tsinci wata ƙarama a bakin masallaci ya sa a aljihu, ya ji zuciyarsa ta ɗan kwanta, kamar wanda ya riga ya yi jarumtar ya gama.

Sai dai da ya shiga tsakar gidan Alhaji, mutum kusan sittin a kan tabarmi, ya duba gabas ya duba yamma, babu tulu.

"'Yan'uwa ne mu," in ji Alhaji Abdulghaffar da muryarsa mai sanyi. "Me za mu ɓoye wa juna? Ɓoye-ɓoyen nan ne ya jawo mana masifa. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu, halas, shi ke nan."

Ƙanensa Hamad ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa. Ba sanda a hannunsa, ba komai, kallo kawai yake yi.

Malam Usman ya ce, "Alhaji, ba haka muka saba ba." Kai, bakin mutumin nan! Ko yau ba zai yi shiru ba? Wani daga baya ya ce, "Kun ji ko?" Aka yi gunaguni.

Hannuwa suka fara tashi, na gaba tukuna, sannan na tsakiya. Rafi'u ya tuna Barakatu da cikinta na wata bakwai, ya tuna akwatin. Ya ce a ransa, ko na ƙi ai sun fi ni yawa, me hannuna ɗaya zai canza? Idon Hamad ya biyo layinsu ya tsaya a kansa. Hannun ya tashi, bai kai ko kunne ba, amma an ƙirga shi.

A gida Barakatu ta tarye shi da ruwa, ta kira shi da sunan 'yarsu. "Abu Rabi, yaya aka ƙare?"

"An kore shi."

"Inna lillahi! Kai fa?"

Ya ce kansa ke ciwo. Ta katanga yana jin keken ɗinkin Malam Usman na aiki, kamar ba abin da ya faru. Da mutumin ya yi zagi ma da ya fi masa sauƙi.

Kashegari aka sauko daga Juma'a. Rafi'u na neman takalminsa a cikin cunkoso sai ya ji an ce, "Rafi'u, barka da Juma'a. Yaya mai jiki?" Malam Usman ne, fuska a sake, ya miƙo hannu. Ya gani jiya, ya kuma yafe, ga shi nan a fuskarsa.

Ba wanda ya hana gaisawa da shi. Alhaji bai ce ba, Hamad bai ce ba. Amma kafin Rafi'u ya miƙa nasa hannun, sai da ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ga ko akwai mai kallo. Da ya juyo, Malam Usman ya riga ya mayar da hannunsa aljihu.

"Ba komai," in ji shi a hankali. "Ka gaida gida."