Randunan Baba Ashafa

"Wallahi in ka sake kashe Italiyawan nan bakwai, fita zan yi," in ji Hajja Fatna, ta dire kwanon kunu a gefen gadon.

Baba Ashafa ko kallonta bai yi ba. Kwana tara yana kwance, ƙirji na ƙugi, amma da jikansa Mahir ya shigo sai bakin ya buɗe. Labarin dai guda ne: yaƙin Karan, can ƙasar Iritiriya, zamanin Ingilishi, yadda ya hau dutse da bindiga shi kaɗai. Shekara arba'in Fatna na maƙwabtaka da shi a Omdurman, katanga ɗaya ta raba su. Tana amarya Italiyawan biyu ne. Da ta aurar da 'yarta sun zama biyar.

Da can dariya abin ke ba ta, yanzu kuwa haushi. Mahir, ɗan shekara sha tara, ya kai sunansa wajen masu ɗibar samari zuwa yaƙin da ake yi a kudancin ƙasar, ba wanda ya tilasta shi. Ranar Asabar mota za ta kwashe su. Uwarsa ta yi kuka har ta gaji, shi kuwa amsarsa ɗaya: jinin kakansa ne a jikinsa.

Da safen nan sai da Fatna ta roƙi tsohon. "Ka gaya masa gaskiya, Baba. Marigayiya matarka ta ba ni labarin tas." Ya ce to. Ga yaro ya zo ya durƙusa, ga tsoho ya sake ɗauko labarin bindiga.

"Kammil ya jiddo, ƙarasa," in ji Mahir, yana haɗa Larabci da Hausa kamar sauran sa'o'insa.

Nan haƙurin Fatna ya ƙare.

"Halas, ya isa haka! Kai Mahir, juyo nan. Kakanka bai taɓa harba ko tsuntsu ba. Mai jan alfadari ne. Ruwa yake haurawa da shi kan dutse, ya sauko da gawa. Alfadarai goma, kullum."

"Hajja, haram! Mutum yana kwance?"

"Don yana kwancen nake faɗa. Ka san yana da ƙane, Labaran? Ba ka sani ba, ai ba a sa shi a labari. Shi ya zuga yaron suka shiga soja tare. Aka harbi Labaran a ciki, ya yini a rana yana kiran ruwa. Kakanka yana ƙasa, alfadari ya ƙi hawa saboda ƙarar igwa. Da ya isa da la'asar, sai dai ya zuba ruwan a kan gawa." Ta nuna ƙofa da haɓa. "Randunan nan uku na ƙofar gida, da yake cikawa kullum don masu wucewa Kasuwar Libiya, kana tsammanin sha'awa ce? Ko azumi bai taɓa barin su bushe ba."

Fatna ta san ta tsiraita dattijo a gaban jikansa, kuma ba ta san ko zai yafe ba. Mahir ya zuba wa kakan ido yana jira ya ƙaryata.

Baba Ashafa ya ɗaga ido ya dubi rufi. Can ya ce, "Fatna, ke dai ba kya riƙe magana daidai."

"Au, ƙarya na yi?"

"Sha huɗu ne alfadaran." Ya yi tari. "Kuma ba la'asar ba ce. Rana ta faɗi."

Ko kunun bai sha ba, abin da ya ƙara ɓata wa Fatna rai, ita da ta tsaya ta tace shi sau biyu.

Ranar Alhamis bayan azahar ya cika. Aka kafa rumfa a titi, aka yi ta dafa shayi. Ko gaisuwar da Fatna ta yi wa Mahir, da kai kawai ya amsa. Ta ce a ranta shi ke nan, ta kunyata mamaci a banza.

Asabar da hantsi ta ji ƙahon motar daga bakin masallaci, samari na kabbara. Ta ƙi leƙawa. Da ƙarar ta yi nisa sai ta tuna randuna, kwana biyu kowa na ta makoki ba wanda ya kula su. Ta ɗauki bokiti tana mita, wai ita ce baiwar gidan nan, a raye da a mace.

Ta tarar da ƙasan randunan a jiƙe. Mahir na tsugune da jallabiyarsa ta gida, yana cuɗa kofin silba da toka.

"Haka ake cikawa, har yana zuba?" in ji ta. "Kakanka yatsa uku yake bari."

Ya tsoma kofin ya rage ruwan. Wani mai amalanke ya tsaya, ya miƙo hannu.