Gonar Mai Gado Na Bakwai

Isaiah yana wanke farin simintin ɗaurin karaya daga hannunsa Sista Salome ta leƙo ta ce an liƙa takardar. Bai yi gaggawa ba. Ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya fita baranda ya karanta. Sunayen mutum shida ne da za su koya wa sababbin likitoci aikin ƙashi, in baƙin da za su zo daga Legas ran Litinin sun yarda a fara horon. Babu nasa.

Shekara ashirin da huɗu yana ɗaura karaya a asibitin nan, tun zamanin Turawan mishan. Dakta Abdussamad kuwa wata biyar ke nan da zuwansa daga Zariya, da takardun Ingila da takalmi mai ƙara. A ofis Isaiah ya same shi.

"Likita, an manta da suna ɗaya."

"Ba a manta ba, Malam Isaiah. Likitoci za mu koyar, ba masu ɗori ba. Wace takarda taka zan nuna wa mutanen Legas? Ta baftisma?"

"Hannun nan ya girmi takardarka."

"Ya fi ta yawo ma. An ce duk bazara kana hawa keke kana bin ƙauyuka a lokacin aiki. Daga yau na hana."

Isaiah ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya rufe. Girman kai ne ya rufe masa shi, ba ladabi ba.

Yawon nan ba na banza ba ne. Manomi zai kwanta da buhun yashi rataye a ƙafarsa don ƙashin ya miƙe, har wata biyu, amma ran da ya ji ƙanshin ruwan farko ba mai riƙe shi. Shi ya sa kowace shekara Isaiah ke bin gidajen marasa lafiya, ya ga liman, ya ga fasto, a sa ranar gayya a shuka wa mai jinya gonarsa. In ya dawo ya ce an sa rana, sai mutum ya kwanta. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba.

Ran Juma'a Ummaru na gado na bakwai ya riƙe masa riga. Mutumin Gozaki ne, ya faɗo daga rufin rumbu cinyarsa ta karye, saura mako shida a sauke masa nauyin.

"Baba Isaiah, an je gida kuwa? Gabas ta fara baƙi."

"Tambayi likita," in ji Isaiah, ya zare rigarsa.

Ran Asabar da la'asar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ran Lahadi, Isaiah yana coci, 'yan'uwan majinyata suka zo da jakuna da amalanke suka kwashe mutanensu. Cikin gado goma sha huɗu da likita ya shirya don baƙi, huɗu suka rage.

Da safiyar Litinin Dakta Abdussamad ya tsaya tsakiyar ɗakin yana huci. Sista Salome ta riga ta gaya masa abin da keken yake yi. Ya juya kan Isaiah.

"Ka san haka za ta faru. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ba na cikin masu koyarwa, Likita."

"Mugunta ce wannan."

"Oda ce. Taka."

Baƙin suka zo da azahar, suka ƙirga majinyata, suka ce wurin da ba marasa lafiya ba a horar da likita. Sai baɗi, in an ga canji. Isaiah ya kalli ƙurar motarsu, ya ji daɗi har cikin ransa. Daɗin ya kai shi har lokacin da ya shiga kwance igiyoyi, ya tarar da buhun yashin gado na bakwai a ƙasa. Da wuƙa aka yanke igiyar.

Washegari ya hau keke bai nemi izinin kowa ba. Ya samu Ummaru kwance kan tabarma a bakin gona, an ɗaure masa cinya da karan dawa da tsumma. Matarsa Tasalla tana saran shuka da sungumi, tsohuwar uwarsa tana bin ta da iri. Ko rabin kadada ba su yi ba.

Isaiah ya durƙusa ya jera ƙafafun biyu. Ta dama ta gajarta da yatsa uku. Ya san irin tafiyar da mutumin zai yi har kabarinsa in ba a mayar da nauyin cikin makon nan ba.

"Tashi mu koma."

"In koma su ci me? Na jira kekenka har Asabar, Baba. Duk ƙarar da na ji sai in ɗaga kai."

"An hana ni."

"Yau fa, an ba ka izini?"

Isaiah ya miƙe tsaye. Ya dubi gonar, ya ƙiyasta kwana uku ga mutum ɗaya, kwana ɗaya in ya samu fasto da liman kafin magariba. Ya cire takalminsa, ya naɗe wando, ya miƙa wa Tasalla hannu ta ba shi sungumin.

"A ina kuka tsaya?"