Jan Fensirin Yaya

Farfesa ba ya kai littafi maɗaba'a sai ya gwada shi a kan mutanen gidansa. Duk babin da ya gama, sai ya tara su a falo, ya zauna a kujerarsa da ta lotsa, tabarau a ƙarshen hanci, yana karatu yana leƙen fuskoki. Inda aka yi dariya ko ƙwalla ya ja layi da jan fensir, inda aka yi hamma ya soke. A jami'a ɗalibai na haddace waƙoƙinsa don cin jarrabawa. A gida kuwa, ko kofi mutum ya fasa ya san zai tsinci kansa a shafi.

Auta, ƙanwarsa, ta san halinsa sarai. Amma ranar da ɗanta ya rasu ba marubuci ta gani ba, yayanta ta gani, wanda ya goya ta ya kai ta makaranta. Ta kifa kai a gwiwarsa ta faɗa masa komai. Likita ya ce yaron ya samu sauƙi, sai ta tsallaka titi zuwa wani shagon takalma da ta daɗe tana hange ta tagar asibitin. Ta tsaya gwaji. Ta dawo da koren takalmi a leda, ta tarar an lulluɓe yaron. Nas ta ce ya yi ta kiranta.

Mijinta, mai kemis, yana hanya a lokacin. Da ya iso ta ce masa a hannunta yaron ya cika. Da wannan maganar bawan Allahn nan yake lallashin kansa har yau, yana faɗa wa duk wanda ya tambaya. Takalmin kuma yana saman durowa cikin ledarsa, ta kasa sawa, ta kasa yarwa.

Wata Asabar da yamma Farfesa ya kira su sauraron sabon babi, ya ce lallai Auta ta zo da maigidanta. Tun a ƙofar ɗakin karatunsa ta ga kan shafin, Asibiti.

"Yaya, don girman Allah, ba wannan ba."

"Haba Auta, na canja komai. Matar ma doguwa ce, ke kuwa ga ki kamar turmi."

"Takalmin fa?"

"Takalmin shi ne ran babin. In na cire shi me ya rage? Kowa ɗansa na mutuwa."

"To ka bari sai ba ya nan."

"Shi nake so ya ji. Ke ai kin san labarin, fuskarki ba za ta amfane ni ba."

Ta zauna kusa da mijinta a falo. Abin haushin, babin ya yi kyau. Muryar Farfesa na hawa tana sauka, ga warin maganin asibiti, ga matar tana juya ƙafa a gaban madubi tana neman ragi. Matar Farfesa ta share hawaye tana cewa, "Wannan uwa Allah ya isa." Fensir ya ja layi.

Mai kemis yana ta gyaɗa kai irin na suruki mai ladabi, har aka zo inda matar ta ɗora ledar a saman durowa. Nan kansa ya tsaya.

"Yaya, gafarta," in ji shi a hankali. "Wane launi ne takalmin?"

"Kore," in ji Farfesa, idonsa ƙyar a kansa.

Mai kemis bai dubi matarsa ba. Ya ajiye kofin shayinsa a tsanake, ya lalubo makullin mota, ya yi sallama kamar kullum, ya fita. Auta ta bi shi da kallo. Ba ta taɓa tsanar kowa ba kamar yadda ta tsani yayanta a lokacin, kuma ta san in mijinta ya kore ta, gidan yayan nan za ta dawo.

Farfesa ya ja layi biyu masu kauri a gefen shafin, ya hura kan fensirin.

"Tashi ki bi shi mana, Auta, kada ya tafi ya bar ki," in ji shi cikin tausasa murya. "In kun isa gida, duk abin da ya faɗa ki riƙe min shi yadda ya faɗa. Babi na gaba ya ƙi tafiya."