Gayyar Barau

Ƙudaje ne suka fara amsa gayyar Barau. Saude na zaune gindin gawo a bakin gona tana korarsu da faifai daga kan ƙoren fura, idonta na kan hanyar da ta fito daga gari. Tun asuba take tsaye, ta daka, ta kirɓa, ta dama abin da zai ishi majiya ƙarfin unguwa duka, kuma da ragowar geron rumbu ta yi. Hantsi ya ɗaga, ko mai ganga bai leƙo ba.

Can cikin gona mijinta Barau na duƙe shi kaɗai, tsoho da fartanya a tsakiyar ciyawar da ta fi geronsa tsawo. Ɗansu Lado tun da aka ɗebe su tsaron iyaka saboda harin Maraɗawa bai dawo ba. Idan ba a nome gonar nan cikin kwanakin nan ba, ciyawar harkiya ce za ta ci rabonsu na bana.

Ta san abin da ya hana mutane zuwa, kowa ma ya sani. Da farkon damina wani jakada daga birni ya sauka a garin, dawakinsa suka kwance suka cinye shukar Sada ƙanen mai gari. Wa zai kai ƙarar baƙon da ya zo da rawani? Sai manya suka haɗa baki a ɗora wa Hamidu, Bafulatanin da ya kafa ruga a bakin dajin Tsaskiya, a kama masa shanu a biya ɓarna. Abu ɗaya ya rage, shaidar maƙwabcin gona. Aka kira Barau gaban alƙali, mai gari na ta ƙifta masa ido. Bawan Allah ya sosa gemu ya ce shi dai sawun da ya gani, kofaton ba a tsage yake kamar na shanu ba. Aka sallami Hamidu da shanunsa. Tun daga ranar gaisuwar Barau ta koma a amsa a taƙaice a wuce.

Barau ya ɗago da ƙyar, hannu a ƙugu, ya tako zuwa inuwa.

"Malam, ba mai zuwa," in ji Saude.

"Na gani."

"Da ka ce ba ka ga komai ba fa? Ai ba wanda zai tsire ka."

"Na gani ne, Saude. Ya zan yi da idona?"

Ta gaji da wannan amsa, ta gaji da matan da ke janye tulunansu in ta iso rijiya, ta gaji har da jin haushinsa. Ta miƙa masa ludayi.

Bai kai baki ba suka hango mutane tafe ta gefen daji, dogaye, da malafuna. Hamidu ne a gaba, ƙannensa na biye, kowa ya saɓa fartanya a wuya yadda ake saɓa sandar kiwo. Daga gani aro suka yi. Hamidu ya tuɓe takalmi ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi gida da ruga da ruwa.

"Baffa, a kasuwa na ji ka kira gayya," in ji shi. "Na ji kuma an ce ba za a zo ba. Shanun da nake tatsa yau, bakinka ne ya bar mini su. Ba ni da abin da zan ce. Nuna mana inda za mu kama."

Barau ya nuna musu.

To, hannun da ya girma da sanda da igiya, ina ya san fartanya? Ƙarfi dai akwai, har ya yi yawa. Suka afka wa gonar kamar masu kashe maciji. Inda gero ya yi ƙanƙanta ba sa bambanta shi da harkiya, sara ɗaya su kwantar da su tare. Saude ta miƙe za ta yi magana, Barau ya girgiza mata kai. Ya bi bayansu a hankali, yana tsugunawa yana mayar da abin da zai mayu, yana danna ƙasa da tafin hannu.

Kafin la'asar an nome gonar, furar ma ba ta yi saura ba. Abin da ya tsira zai kai su wani wuri, ko da bai kai su kaka mai zuwa ba. Hamidu ya zo yana haki, tafukansa duk sun yi bororo sun fashe, fuskarsa cike da murna.

"Baffa, yaya ka gani? Mun iya?"

Barau ya dubi kunyoyin da suka yi giɓi-giɓi, ya dubi hannuwan.

"Kun iya, Hamidu. Allah ya yi albarka."

Sai da suka ɓace cikin daji Saude ta fara kife ƙore. Ba ta dube shi ba.

"Ashe ka iya ƙarya, Malam," ta ce.

Barau ya ɗauki fartanyarsa, ya koma wajen geron da bai gama tayarwa ba.