Jan Tambarin Katin Yaya

Shekara goma sha tara Yayata tana ƙidaya wa masu bincike tsuntsayen bakin kogi. Za ta gaya maka zalɓe nawa suka ragu bana, amma tambaye ta jikinta, ko tana mutuwa "da sauƙi" za ta ce. Tana da asma, irin wadda asfirin ke tayarwa. Sau ɗaya ta taɓa shan sa, aka kwashe ta ranga-ranga. Tun ranar aka manna wa katinta na asibiti jan tambari.

Tambarin nan ya zame mana ƙarfen ƙafa. Sati uku ƙirjinta na ɗaurewa, ciwon na sauka hannun hagu, gangaren kogin da ta saba hawa ya fara gagarar ta. Sau huɗu muna zuwa asibiti. Mai raba kati ba ya kallon mutum, launi yake kallo: ja, ɗakin masu asma. A shaƙa mata magani, a ce ta rage tunani. Mijinta kuwa, ranar da cikinsa ya kumbura ya dafe ƙirji, kafin azahar an yi masa gwajin zuciya. Abin yana ci mini rai har yau.

"Malam, wannan ba asma ba ce," na ce wa mai katin.

"Hajiya, ni abin da kati ya ce nake bi."

A zuwa na biyar muna zaune kan benci, gumi na tsattsafo mata, na karɓi katin na sa farce.

"Auta, me kike yi?"

"Hanya nake nema miki, Yaya."

"Za su yi faɗa."

"Su yi. In mun shiga ni zan yi musu bayani da bakina."

Na ɓare tambarin tas. Mai raba katin ya duba kati, ya ji ciwon ƙirji ne, ya nuna mana ɗakin zuciya ko ɗago kai bai yi ba. Har daɗi na ji, ina ganin na yi dabara.

Aka jona mata wayoyi a ƙirji. Takarda na fitowa daga na'urar, fuskar likita ta canza. Nan take ɗakin ya cika, wata nas ta turo ni waje.

"'Yan rakiya a waje."

"Tsaya, akwai maganin da ba ta..."

"Komai yana katinta," ta ce, ta rufe ƙofa.

Ƙofar ba ta buɗuwa ta waje. Ta gilashi na ga likita ya ɗaga katin, ya duba gaba da baya, ya gyaɗa kai. A ɗakin nan duk wanda zuciyarsa ta toshe, asfirin ake fara ba shi. Na bugi gilashin da hannu biyu ina kiran sunan maganin, mai gadi ya riƙe ni yana cewa in yi haƙuri, a hannun ƙwararru take.

Idon Yaya a rufe yake saboda azaba. Nas ta sunkuya ta sa mata farar ƙwaya a baki, ta yi mata magana a kunne. Yaya ba ta taɓa musu da ma'aikacin asibiti ba. Ta fara taunawa.